Yawon bin sawun Roberto Clemente a Pittsburgh: na biya na je, ga yadda na gan shi

Masu tambayata ko yawon nan na tarihin ɗan wasan besbol Roberto Clemente da ake yi a Pittsburgh ta Amurka ya cancanci kuɗinsa, amsa itace eh ya cancanta, amma fa da sharaɗi, kuma sharaɗin shine wanda zai zagaya daku. Kamfanin ƙarami ne, ba zan kama sunansu ba tunda akwai inda zan yi musu ƙorafi a gaba. Abinda suke sayarwa shine kujera a ƙaramar bas, da mai jagora, da kai ku inda tsohon filin wasa yake a unguwar Oakland, da sabon fili a bakin kogi, sannan su kama muku lokaci a gidan tarihin Clemente, in kana so kuma ka ƙara kuɗi su haɗa maka da tikitin wasa na yamma. Ni har da tikitin na ɗauka.

Mu dai Allah ya taimake mu an haɗa mu da wani dattijo ɗan garin wanda tun yana yaro yake zuwa kallon Pirates, ƙungiyar besbol ta garin da Clemente ya buga wa, kuma abu na farko da ya yi da ya burge ni shine bai ɗauka kowa ya san besbol ba. Tun a cikin bas ya zaro ƙwallo daga jaka ya ce kowa ya riƙe ya miƙa wa na kusa dashi. Wallahi sai ka riƙe zaka san abin ba wasa bane, farar fata ce an ɗinke ta da jan zare, tauri kamar dutse, nauyinta wajen giram 145, kana damƙe ta yatsunka da kansu suke neman layin ɗinkin su zauna. Daga nan ya yi mana bayani a sauƙaƙe, mutum tara ke tsaron fili, ɗaya na jifa, ɗan ɗaya ƙungiyar na tsaye da sanda yana jira ya maka, in ya maka sai ya yar da sandar ya ruga ya bi tasha uku ya dawo gida, tsakanin tasha da tasha ƙafa 90. Uku daga cikin masu tsaron can baya suke tsayawa kusa da katanga, ɗaya hagu ɗaya tsakiya ɗaya dama, aikinsu su cafke ƙwallo kafin ta taɓa ƙasa, in kuma ta taɓa su dawo da ita da sauri kafin mai gudu ya ƙara tasha. Na dama shine ya fi kowa nisa da tasha ta uku, shi yasa duk ƙungiya mai hankali wanda ya fi ƙarfin hannu take ajiyewa a nan. Clemente a nan ya tsaya daga 1955 har 1972, kaka 18, ƙungiya ɗaya, lambar rigarsa 21.

Wannan bayanin na mintuna kaɗan shi ya gyara min duk yinin. Don in baka fahimci me ake nufi da tsaron dama ba, duk abinda za a faɗa maka daga baya sai dai ka gyaɗa kai kawai.

Zangon farko Oakland. Filin da ake kira Forbes Field an buɗe shi a 1909, Pirates sun bar shi a 1970, yanzu gine-ginen jami'ar Pittsburgh ne a wajen, amma an bar wani yanki na katangar bayan fili a tsaye. Jan bulo ne, ganye ya hau jikinta, kuma har yanzu ga rubutun 457 da farin fenti, wato ƙafa 457 daga inda mai bugu ke tsayawa. Titin da ya bi ta gefenta ma sunan Clemente aka sa masa. Dattijon ya sa muka jingina da katangar muka juya muna kallon inda gida yake a da, ya ce to ku duba nisan nan, sannan ku gaya min dalilin da yasa mutumin nan bai tara hom ron da yawa ba, wato bugun da ke ba mutum damar zagaye duk tashoshi ya dawo gida kai tsaye, yawanci in ƙwallo ta tsallake katanga. Gaskiya ne kuwa, a duk rayuwarsa hom ron 240 ya yi, in ka jera shi da manyan 'yan wasan zamaninsa irin su Willie Mays da Hank Aaron sai ka ga kamar kaɗan ne, amma filin ne ya yi faɗi da yawa, in ka dage sai ka ɗaga ƙwallo sama a nan to a hannun mai tsaro zata faɗo, shi kuwa sai ya koyi buga ta a miƙe da ƙarfi tana ratsa tsakanin masu tsaro, yawanci ta ɓangaren dama duk da cewa da dama yake bugu. Haka ya ci kambun wanda ya fi kowa yawan samun bugu, wato ya maka ƙwallo ya isa tasha ba a fitar dashi ba, a gasarsu sau huɗu, 1961 da 1964 da 1965 da 1967, a na ƙarshen nan .357 ya yi, ma'ana cikin kowane tsayuwa dubu sau 357 yana samu, kuma ya gama rayuwarsa da .317. A wasan da in ka samu uku cikin goma an san da kai, wannan ba ƙaramin abu bane.

A wajen ne kuma ya bamu labarin 25 ga Yuli 1956, Chicago Cubs na gaban Pirates da uku a zagayen ƙarshe, duk tashoshi uku a cike, Clemente ya maka ƙwallo ta daki katanga ta gangara, mutum uku suka shigo gida, kocin tasha ta uku ya ɗaga masa hannu ya tsaya, yaron ya wuce abinsa ya zame ya taɓa gida, aka tashi 9 da 8. Ƙwallon bata fita fili ba, da ƙafarsa ya zagaye duka. Dattijon na faɗa yana nuna mana da hannu inda ƙwallon ta bi, mutum ya tsufa amma idonsa na ƙyalli. Sannan ya kai mu cikin wani ginin jami'ar inda aka ajiye farantin gida na tsohon filin, wato alamar inda mai bugu ke tsayawa, a ƙasa an rufe da gilashi, ɗalibai na ta takawa suna wucewa. Ya kuma ce mana duk 13 ga Oktoba mutane na taruwa a jikin katangar nan su saurari rikodin rediyo na wasan ƙarshe na World Series ɗin 1960, wato jerin wasannin da ake fitar da zakaran shekara, wanda Bill Mazeroski ya gama da hom ron suka doke New York Yankees 10 da 9.

To a nan ne na fara ganin darajar mutumin da aka haɗa mu dashi, domin bai tsaya a murnar 1960 ba. Ya ce a shekarar Clemente ya yi .314, kuma babu wasa ɗaya cikin bakwai na World Series da bai samu bugu ba, amma da 'yan jarida suka zo zaɓen gwarzon shekara sai suka ba abokin wasansa Dick Groat, shi kuma suka jefa shi na takwas. Abin ya ci masa rai ƙwarai kuma bai ɓoye ba. Sai a 1966 ya samu kambun, shekarar da ya yi hom ron 29 ya shigo da mutum 119 gida. Ni a ganina in ba a faɗi wannan ba to ba a bada labarin Clemente ba, domin mutum ne mai zuciya, mai jin kansa ta hanya mai kyau, wanda ya san abinda ya iya kuma yake ganin ana tauye shi saboda baƙar fata ne kuma Sifaniyanci ne harshensa.

Ku duba daga inda ya fito. An haife shi 18 ga Agusta 1934 a Carolina da ke Puerto Rico, babansa shugaban leburori ne a gonar rake, shine auta. Yana makaranta yana jifan mashi a wasannin motsa jiki, kuma ana alaƙanta ƙarfin hannunsa da wannan. Ya fara da ƙungiyar Santurce a can gida, sai Brooklyn Dodgers suka sa masa hannu a 1954 da ladan dala 10,000. Dokar lokacin ta ce duk wanda aka ba sama da dala 4,000 dole a ajiye shi a babbar ƙungiya, in ba haka ba wata ƙungiya na iya ɗauke shi a ƙarshen kaka. Dodgers suka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu a Montreal ta Kanada, yawanci a benci yake, Pirates kuwa da yake sune na ƙarshe a teburi sune ke da zaɓin farko, suka ɗauke shi akan dala 4,000 kacal. Yaro ɗan shekara 20 ya sauka a garin masana'antar ƙarfe mai sanyi da hayaƙi, Turancinsa kaɗan, ga ciwon baya da ya samu a hatsarin mota kafin ma ya fara, wanda ya bi shi har ƙarshe. In ya ce jikinsa na ciwo sai 'yan jarida su ce raki ne. In ya yi magana sai su rubuta ta yadda lafazinsa ya fito don a yi dariya. Katunan hotonsa na shekaru da dama Bob aka rubuta a jiki, shi kuma yana ta nanatawa sunansa Roberto. Lokacin atisayen bazara a Fort Myers ta Florida, fararen 'yan wasa na otal, su baƙaƙe an raba su gidajen mutane a unguwar baƙaƙe, in an tsaya cin abinci a hanya su zauna a bas sai an kawo musu, har sai da ya tada magana aka basu motarsu daban. A 1968 da aka kashe Martin Luther King yana cikin 'yan wasan Pirates da suka ce ba zasu buga wasan buɗe kaka ba sai an yi jana'iza, kuma aka ɗage.

Duk wannan a bakin katanga muka ji shi, a tsaye, kuma daga bakin dattijon ne ba daga takardar kamfani ba. Wannan ya kawo ni ƙorafina na farko. Ɗan littafin da kamfanin ke rabawa a bas kusan rabinsa labarin jirgin da ya faɗi dashi ne, da hoton teku, maganar wariya kuwa layi biyu aka bata, na wasansa kuma jerin lambobi kawai ba bayani. Akwai wata matashiya ma'aikaciyarsu da ta karɓi makirufo a hanyar zuwa bakin kogi, abinda aka rubuta mata take karantawa, kuma daga haihuwa sai ta yi tsalle zuwa mutuwa. Ba laifinta bane, abinda aka bata kenan. Amma in ranar da ka je irin wannan kaɗai ka samu, zaka koma gida da labarin wani mutumin kirki da ya mutu a hanyar taimako, baka san cewa shekara 12 a jere, 1961 zuwa 1972, shi ake ba Safar Zinariya ta iya tsaro ba, adadin da a cikin 'yan bayan fili Willie Mays kaɗai ya kai. Mutuwar tafi saurin sayuwa, na gane, amma mutumin ya yi shekara 18 yana aiki kafin daren nan guda.

Zango na biyu bakin kogin Allegheny. Nan aka sauke mu a cikin gari muka taka gadar nan mai ruwan ɗorawa da aka sa wa sunansa, ranar wasa rufe ta ake wa motoci, mutane ne kawai ke bi, rigunan baƙi da ɗorawa ko'ina, kuma in ka ƙirga lambobin bayan riguna 21 ta fi kowace yawa, yara ƙanana da iyayensu ma basu gan shi da rai ba suna sanye da ita. Kana sauka daga gadar ga mutum-mutuminsa na tagulla, ya gama bugu yana sakin sanda zai ruga. An fara kafa shi a 1994 a filin Three Rivers, da aka rushe wancan a 2001 aka dawo dashi sabon filin, PNC Park. Filin Three Rivers ɗin shine inda ya yi shekarunsa na ƙarshe, yanzu babu shi, dattijon ya nuna mana wajen daga nesa ya ce a nan ne ranar 1 ga Satumba 1971 Pirates suka fito da mutum tara duka baƙaƙe da 'yan Latin Amurka, karon farko a tarihin babbar gasar, kuma suka ci wasan. A nan ne kuma ranar 30 ga Satumba 1972 ya yi bugunsa na 3,000 akan Jon Matlack na New York Mets, mutum na 11 da ya taɓa kaiwa nan, 'yan kallo dubu 13 da ɗoriya ne kawai a filin. A nan lissafin ya tsaya, 3,000 cif.

World Series ɗin 1971 shi yafi daɗewa akai kuma na ji daɗin hakan. Baltimore Orioles ne ke riƙe da kofi, kowa su yake ba nasara, sun ci wasa biyu na farko. Clemente na da shekara 37. Ya yi bugu 12 cikin tsayuwa 29, .414 kenan, ya sake samun bugu a duk wasa bakwai kamar yadda ya yi a 1960, ya yi hom ron a wasa na shida da na bakwai, na bakwan aka tashi 2 da 1. Amma dattijon ya ce ku bar bugun tukuna, ku nemi bidiyon jifan da ya yi a wasa na shida, zagaye na tara, ƙwallo ta tafi lungun dama, mai gudu daga tasha ta ɗaya na niyyar shigowa gida a tashi wasa, Clemente ya ɗauko ta daga jikin katanga ya juya ya wurgo ta har gida, mai gudun ya ƙame a tasha ta uku. Babu wanda aka fitar, ba a rubuta komai a takardar lissafi ba, amma jifan ya hana ci. Ya ce yawancin aikin mai tsaron dama haka yake, tsoron hannunka ne ke tsayar da mutane, kuma duk da wannan tsoron sai da ya fitar da masu gudu sama da 260 a rayuwarsa. Na kalli bidiyon a waya nan take a tsaye, kuma ina ba kowa shawara ya kalla kafin ma ya je.

Bayan sun ɗauki kofin aka miƙa masa makirufo a talabijin, duk Amurka na kallo, kafin ya ce komai da Turanci sai da ya yi magana da Sifaniyanci ya sa wa 'ya'yansa albarka ya roƙi iyayensa su sa masa tasu. Wannan ya taɓa ni sosai. Mutumin da aka yi shekaru ana yi wa dariya saboda harshensa, ranar da ya fi kowace girma a rayuwarsa da harshen ya fara, kuma albarkar iyaye ya nema.

Ƙorafi na biyu, lokaci. Tsakanin bakin kogi da gidan tarihi sai aka tsaya damu a wani shagon tsaraba da alama suna da alaƙa da kamfanin, aka bar mu a ciki fiye da yadda muka tsaya a bakin katangar Forbes. Kayan ma ba wasu na kirki bane, na ɗaga wata riga mai lamba 21 na juya cikinta, lambar manna ta aka yi ba ɗinki ba, gefenta har ya fara ɗagowa tun a kan maratayi, kuɗin kuma kusan na mai kyau. In riga kake so ka haƙura ka saya a wani wajen. Sakamakon tsayawar shine muka isa unguwar Lawrenceville inda gidan tarihin yake a gurguje, direba na ta duba agogo, dattijon da kansa ransa bai so ba, na ga ya je ya yi wa direban magana a hankali. Sannan kujerun bas ɗin matsattsu ne, mai dogon ƙafa ko dattijo mai ciwon gwiwa zai ji jiki, kuma babu wanda ya gaya mana tun farko cewa akwai tafiyar ƙafa mai ɗan yawa. Ku sa takalmi mai daɗi.

Gidan tarihin kuwa ba na kamfanin bane, nasu kawai kama lokaci, kuma shine ƙololuwar yinin. Tsohon ofishin 'yan kwana-kwana ne, Engine House 25, a kan titin Penn, wani mai ɗaukar hoto Duane Rieder ne ya kafa shi, kuma da jagora ake zagayawa bayan an kama lokaci tun kafin a zo, ba wajen da zaka faɗa kawai bane. Ga masu kiyayewa, akwai ma'ajiyar giyar inabi a ƙasan ginin, ba ta cikin abinda ya kawo ka, ka san da ita dai kawai. A ciki akwai rigunansa, sandunansa, kyaututtukansa, takardu da hotunan iyali masu yawa. Sandar ce ta tsayar dani. Doguwa ce mai nauyi, mariƙinta kauri, kuma ƙarshenta babu ƙullin nan da aka saba gani, a hankali take buɗewa kawai. Sai a lokacin na gane maganar da dattijon ya yi a Oakland cewa mutumin baya jiran ƙwallo mai kyau, ko ta yi sama ko ta yi waje in dai sandar zata kai to zai kai mata. Akwai kuma hoton nan da ya yi suna, ya yi tsalle zai cafke ƙwallo gajimare a bayansa ya buɗe kamar fukafukai, kowa a nan yake ɗaukar hoto. Yana da kyau ba musu, amma ni hotunan da yake tare da matarsa Vera da 'ya'yansu maza uku, da waɗanda yake koya wa yara wasa a Puerto Rico, su suka fi riƙe ni, don a nan kake ganin cewa taimakon nan ba ranar ƙarshe ya fara shi ba. Burinsa ya gina wa yara birnin wasanni a Carolina, kuma bayan rasuwarsa matarsa ce ta tsaya akai.

Labarin ƙarshen a nan aka bada shi, kuma a nan ya dace. A Nuwamba 1972 ya je Nikaraguwa a matsayin kocin tawagar Puerto Rico a gasar duniya ta masu son wasa, ya san mutane a can. Ranar 23 ga Disamba girgizar ƙasa ta rushe Managuwa babban birnin ƙasar, dubban mutane suka mutu. Ya jagoranci tara kayan agaji a Puerto Rico, aka tura jirage uku, sai labari ya zo cewa dakarun Somoza mai mulkin Nikaraguwa na karkatar da kayan, shine ya ce zai bi na huɗu da kansa, yana ganin in yana wajen ba wanda zai taɓa. Jirgin tsohon DC-7 ne mai tarihin matsala, an kuma yi masa lodi fiye da ƙima. Daren 31 ga Disamba 1972 ya tashi daga San Juan babban birnin Puerto Rico, bai yi nisa ba ya faɗa teku kusa da gaɓa, mutum biyar ne a ciki babu wanda ya tsira. Abokin wasansa Manny Sanguillén bai je taron addu'ar da aka yi ba, yana can yana nutso a teku yana nemansa. Ba a ga gawarsa ba. Shekararsa 38. Allah sarki. A 1973 aka ɗage dokar jiran shekara biyar aka shigar dashi zauren gwarzaye na Cooperstown, ɗan Latin Amurka na farko, Pirates suka ajiye lamba 21 ba mai sake sawa a ƙungiyar, kuma kyautar da gasar ke ba ɗan wasa mai taimakon al'umma duk shekara aka mayar da ita sunansa. Ko a zauren ma sai da aka juya sunansa aka rubuta Roberto Walker Clemente, sai a 2000 aka gyara zuwa Roberto Clemente Walker, yadda al'adarsu take, sunan uba sannan na uwa.

Maganar tikitin wasa, ku ɗauka, amma ku gaya musu tun wajen biya cewa ɓangaren dama kuke so, don in baku faɗa ba duk inda ya sauƙaƙa musu zasu saka ku. Katangar dama a PNC Park tsayinta ƙafa 21 ne saboda shi, kuma in kana zaune a samanta mai tsaron dama yana ƙasanka kai tsaye. Talabijin baya nuna maka shi sai ƙwallo ta zo, amma a fili zaka ga kafin kowane jifa yana gyara tsayuwa, taku biyu hagu, taku uku baya, ya duba wata 'yar takarda a aljihu, ya ɗan duƙa daidai lokacin da ƙwallo ke barin hannun mai jifa, kuma ko ba wajensa aka buga ba sai ya ruga ya tsaya bayan tasha ta ɗaya ko da jifa zata kuɓuce. Yana iya yin wasa guda ƙwallo biyu ko uku ce kawai zata zo masa, amma bai isa ya saki hankalinsa sau ɗaya ba. A wasan da muka kalla an buga wata ta daki katangar ta dawo ta wani gefe daban, mai tsaron ya yi kuskuren lissafi da taku ɗaya, mai gudu ya ƙara tasha, wani da ke zaune kusa dani ya girgiza kai kawai ya nuna lambar bayan rigarsa.

Wa ya kamata ya biya? Wanda bai san wasan ba ko ya san shi sama-sama, da mai iyali da yara da suka fara wayo, da duk wanda tarihin baƙar fata a Amurka ya dame shi. Wanda ya riga ya san besbol sosai kuma yana da mota zai iya yi da kansa, katangar Forbes da gadar da mutum-mutumin duk kyauta ne, gidan tarihin kawai zai kama lokaci. In zaku bi ta kamfani, kafin ku biya ku tambaya waye zai jagorance ku kuma ko ya ga zamanin ko aƙalla ya san wasan, ku tambaya minti nawa ake yi a kowane waje, ku ce musu ƙarara bakwa son tsayawa shagon tsaraba. In kuna iya daidaita tafiyar da 15 ga Satumba, ranar ce gasar ke tunawa dashi kuma 'yan Pirates kan fito duka da lamba 21 a baya, amma ku kama wuri da wuri don cika yake. Dattijon kuma in kun same shi ku bashi tukuici mai kauri, ya fi ƙarfin abinda suke biyansa.